Gashin hanta: na ciki ko na waje? Abin da munka gani a kan ciwon Kawu

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun da munka dawo da Kawu daga maganin kansar hanta a waje waya ba ta huta ba, wasu daga Tawa wasu nan Yamai, kowa da tambaya guda, wane irin rayon ne, wato gashin ƙari da haske, anka yi mishi kuma shi ne ya hi kyau? Na gaji da maimaitawa wallahi shi ya sa na ce bari in zamna in rubuta sau guda. Ni ba lokotoro ba ne, ɗan rakiya ne mai riƙon jakar takardu, amma wata biyat ina riƙe da jakar nan kuma duk abin da ban gane ba sai na tambaya har a gaji da ni.

Kawu ɗan kasuwa ne a Tawa, ya daɗe da ciwon hanta na epatit B bai sani ba, kamar dai yawancin masu shi. Rama ya fara yi da nauyi a gehen dama ƙarƙashin haƙarƙari, anka yi eko a Tawa anka ga wani abu, anka turo mu Yamai, sikanar ta nuna ƙari guda na santimita 7 a ɓangaren dama na hanta, kuma ya fara leƙawa cikin wani reshe na babbar jijiyar da suke ce ma ven port. Ku riƙe maganar jijiyar nan don ita ce ta raba gardama daga baya.

Abu na farko da ya ba ni mamaki, lokotoro bai fara da maganar girman ƙarin ba, sauran hantar ya fara dubawa. Akwai wani ma'auni da suke ce ma Child-Pugh, suna haɗa abu biyat: bilirubin wato abin da ke sa ido ya yi shawara, albumin wato wani sinadari da hanta ke zubawa a jini, saurin daskarewar jini, ruwa a ciki, da ko mutum ya fara ruɗewa a kai. Daga nan sai su ce kai A ne ko B ko C. Kawu A ya hito, Alhamdu lillahi. In mutum C ne, ciki ya cika da ruwa ido ya yi ɗorawa, to ba na ciki ba na waje, duk wani gashi mai ƙarhi kashe ragowar hantar zai yi kamin ma ya gama da ƙarin. Wanda duk ya ce ma ku kawo shi kawai za mu yi, bai ga analiz ko guda ba, kuɗɗinku yake so ba lahiyar majinyacin ba.

Aiki, wato a yanke ɓangaren da ke da ƙarin, shi ne ya hi komi in zai yiwu, shi da dashen hanta. Amma dashe yana da ƙa'idar da anka kafa a Milan tun 1996, ƙari guda da bai wuce santimita 5 ba ko uku da kowane bai wuce 3 ba kuma bai shiga jijiya ba, Kawu ya wuce nan. Ƙonawa da allura ita kuma ta ƙananan ƙari ce, kamar santimita 3 zuwa ƙasa. To da yake yanka da dashe da allura duka ba su yiwu ga Kawu ba, sai ya rage mamu abu uku a kan tebur, kuma su ne nike son in baje.

Kamin nan sai an gane yadda hanta ke shan jini, in ba haka ba duk bayanin ba zai zamna ba. Ka ɗauka garka ce irin ta albasa a Galmi mai hanyar ruwa biyu, babban kanal da ƙaramin tiyo. Babban kanal shi ne ven port mai kawo jini daga hanji, shi ke ba hanta kusan kashi uku cikin huɗu na jininta, ƙaramin tiyon kuma jijiya ce mai bugawa da ke zuwa daga wajen zuciya. To ikon Allah, ƙarin kansar hanta kusan duk abincinsa ta ƙaramin tiyon nan yake sha. Shi ya sa likitoci sunka ce to mu bi ta tiyon mu kai mishi guba har gida, lahiyayyar hanta kuma ta ci gaba da sha daga kanal.

Na farko da ke bin wagga hanya shi ne shimiyo-ambolizasiyon, a takardun Turancin Ingilishi za ku ga TACE. Ana shiga da siririn tiyo ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu har a kai hanta, a zuba maganin shimiyo, yawanci doksorubisin haɗe da wani mai da ake kira lipiyodol, sannan a toshe hanyar. Tsohon hannu ne, tun 2002 bincike biyu, ɗaya a Barsalona ɗaya a Hong Kong, sunka nuna yana ƙara kwana. Ya hi sauran arha kuma ya hi samuwa. Matsalarsa biyu, sau da yawa ba sau guda ake yi ba, sai an koma na biyu na uku, ga zazzaɓi da amai da ciwon ciki na ƴan kwanaki bayan kowane, mu da ke shiga jirgi kowace komawa wani biye ne da wani otal. Ta biyun ita ce ta shahi Kawu: in ƙari ya riga ya toshe kanal kai kuma ka zo ka toshe tiyo, ɓangaren hantar nan da mi zai rayu? Nan munka aje shi gehe. Amma wanda ke da ƙari biyu uku matsakaita, jijiya ba ta taɓu ba, hanta na da ƙarhi, kar ya raina shi don an ce tsohon yayi ne.

Saura biyu ke nan, duka gashi ne, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje.

Na cikin shi ne radiyo-ambolizasiyon, wasu su ce SIRT wasu TARE, mu a gida itiriyom muke ce mishi don sinadarin da ake amfani da shi sunansa itiriyom 90. Hanyar shiga iri ɗaya ce da ta shimiyo, tiyo ta jijiya, amma abin da ake zubawa wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne miliyoyi, kowace ba ta kai kaurin silin suma ba, suna ɗauke da rayon a jikinsu. Iri biyu sunka hi shahara, TheraSphere na gilashi da SIR-Spheres na roba. Su tahi su maƙale cikin ƙananan jijiyoyin ƙarin su yi ta gasa shi daga ciki, kuma rayon ɗin ba ya nisa, a tsaka-tsaki milimita 2 da rabi, iyakarsa kamar milimita 11, shi ya sa ana iya ba ƙari wuta mai yawan gaske ba tare da an babbake maƙwabta ba. Kuma tun da ƙwayoyin ƙanana ne ba su toshe hanya ruf kamar na shimiyo, don haka ko ven port ta taɓu ana iya yi. Nan ne zuciyata ta kwanta da shi tun farko, na ce ai wanga don Kawu anka yi shi.

Wani abu kuma da ya kamata mutumin Nijar ya sani, itiriyom ba ya ajiyuwa. Duk awa 64, wato kwana biyu da rabi da ɗan wani abu, rabin ƙarhinsa ke tahiya, kamar ka sayi ƙanƙara a watan Afrilu ka ce za ka kai ta Abalak a bayan moto. Don haka ba a aje shi a farmasi, da sunan majinyaci ake yin odarsa, a sa rana, in ka kuskure ranar asara ce. Alherin abin shi ne cikin kwana 11 sama da kashi 90 cikin 100 na rayon ɗin ya gama aikinsa, kuma mutum ba ya zama haɗari ga iyalinsa, ƴan ka'idoji ne kawai na kwanakin farko. Yawanci zama guda ne, wani ma a sallame shi ranar ko wanshekare. Gajiya ce babbar wahalarsa, sati biyu uku mutum na jin kamar an yi mishi duka, da rashin cin abinci. Mugun abin da ake tsoro shi ne ƙwayoyin su ɓace hanya su shiga tumbi su yi gyambon da ke wuyar warkewa, ko hantar kanta ta gaza bayan wata ɗaya biyu in an wuce da ita.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Ba a zuba itiriyom sai an yi gwaji, sati ɗaya ko biyu kamin ranar, a shiga da tiyo a zana taswirar jijiyoyi, a zuba wasu ƙwayoyi na gwaji masu teknesiyom, wani sinadari mai hitowa a hoto, a ɗauki hoto a ga ina sunka tahi. Wasu ƙarin suna da ɓarauniyar hanya, jini na zarcewa kai tsaye zuwa huhu, in abin da ke zarcewa ya yi yawa, misali ya wuce kashi 20 cikin 100, to an fasa, don huhu ba ya jure wannan wutar. Ma'ana kana iya sayar da shanu ka hau jirgi ka biya kuɗin gwaji a ce maka ba za a yi ba. Wani ɗan kamasho da ke haɗa mutane da asibitocin waje ya so mu biya kuɗin itiriyom ɗin gaba ɗaya tun muna Yamai, wai don a kama mamu layi, na ce mishi Alhaji wanga ai cinikin biri a sama ne, ya ji haushi bai sake ɗaukar wayata ba.

To shin yana ƙara kwana hiye da sauran? Nan sai a yi gaskiya. A Shikago an gwada shi da shimiyo-ambolizasiyon a kan mutum 45, sakamakon ya hito a 2016, ƙarin waɗanda anka yi ma itiriyom ya hi wata 26 bai motsa ba, na shimiyo wajen wata 7, amma a tsawon rai ba a ga bambanci ba. A Faransa kuma anka yi babban bincike mai suna SARAH a kan mutum 467 masu ciwon da ya yi nisa, anka gwada shi da ƙwayar sorafenib, maganin kansar hanta na sha, a 2017 sakamako ya nuna tsawon rai wata 8 ga masu itiriyom, wata kusan 10 ga masu ƙwayar, wato bai hi ƙwayar ba, sai dai masu itiriyom sun hi jin daɗin jikinsu, zawo da saɓar tahin hannu da ƙafa sun hi sauƙi sosai a wajensu. Daga baya Faransawan sunka sake wani binciken inda anka auna ma kowane majinyaci wutar daidai da ƙarinsa ba kuɗin goro ba, sai tsawon ran ya tashi daga wata kusan 11 zuwa sama da 26. Abin da ni na ɗauka a nan, ba sunan maganin ke aiki ba, hannun mai aunawa ne. Asibitin da ke yin shi kowane sati daban, wanda ke yi sau uku a shekara daban.

Na wajen kuma shi ne siteriyotaksi, SBRT. Shi ba a huda ka ba a sa ma tiyo, kwanciya za ka yi a kan gado na'ura na zagaya ka tana harbo rayon ta kusurwoyi da yawa, kowane shi kaɗai mai rauni ne amma duka a wuri guda suke haɗuwa, kamar yara goma su haska tocila a kan ƙwarya guda cikin duhu. Gashin da munka sani na sati biyar shida kullum, wanga zama 3 zuwa 5 ne cikin sati ɗaya ko biyu, kowane zama da wuta mai nauyi. Wahalarsa ita ce hanta ba ta tsayawa wuri guda, duk numfashi sai ta sauka ta hau, santimita ɗaya biyu har hiye, don haka ko a danne ma ciki da wani faranti, ko a koya ma riƙe numfashi na daƙiƙa 15 zuwa 20, wani lokacin a dasa ƴan ƙwayoyin zinariya kusa da ƙarin don na'ura ta riƙa ganinsu. Dattijon da ba ya jin yaren masu na'ura kuma ba ya iya riƙe numfashi, wanga ba ƙaramin abu ba ne, sai da tafinta a bakin makirfo.

Shi bai damu da ɓarauniyar hanya ta huhu ba, bai damu da yadda jijiyoyi sunka karkace ba, kuma yana iya bin ƙarin har cikin ven port ɗin. Abin da ya dame shi maƙwabta ne. In ƙarin na jingine da tumbi ko farkon hanji dole a rage wuta, in an rage kuma aikin ya ragu. Sannan rayon sai ya ratsa lahiyayyar hanta kamin ya kai, don haka in ƙarin ya yi girma ƙwarai ko sun watsu ko'ina kamar an watsa gero, babu inda za a kare. A nan itiriyom ya hi shi, don shi yana iya ɗaukar ɓangare guda sukutum. A wajen hujja kuma, wani bincike na Amurka da Kanada da anka bayyana a 2022 ya haɗa siteriyotaksi da sorafenib ya gwada da sorafenib ita kaɗai, yawancin majinyatan ƙarinsu ya shiga jijiya irin na Kawu, anka samu tsawon rai wata 15.8 ga masu haɗin, wata 12.3 ga masu sorafenib kaɗai. Ba wani tsalle ba ne, kuma masu lissahi sun ce bambancin a bakin iyaka yake, amma ga mai ciwo wata uku da rabi azumi ne da salla biyu in an dace.

Ba kowace na'urar gashi ke yin siteriyotaksi ba, wanga ma a sani. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa a nan Yamai, CNLC, ta buɗe sashen gashi a 2021 da taimakon hukumar nukiliya ta duniya, da na'urar kobal ta fara, kuma babban ci gaba ne don da ko gashin mama sai an hita waje. Siteriyotaksi na hanta yana son na'ura mai ɗaukar hoto a lokacin da take harbi da masu lissahin wuta da sunka saba da shi. Duk da haka ta nan ya kamata a fara, su za su duba dosiye su ce ga matakin da ciwo yake, kuma su za ka dawo ma bayan tahiya. Kuma ga wanda ciwonsa ya wuce a yi maganar kashe ƙari, zafi ya hana shi barci, akwai gashi mai sauƙi zama guda tak a kan hanta da wani bincike na Kanada ya nuna yana rage zafin, shi ba ya bukatar na'ura mai tsada, a tambaya.

Kar in manta da ƙwayoyi da ƙarin ruwa, don wasu na ɗauka in an yi gashi an gama. Sorafenib tun 2007 take, daga 2020 kuma haɗin atezolizumab da bebasizumab na ƙarin ruwa ya sha gabanta, tsawon rai wata 19 da wata 13 a babban gwajin da anka yi. In ciwo ya hita daga hanta ya tahi huhu ko ƙashi, su ne magana ba gashi ba, don gashi inda anka nuna mishi kawai yake ci. Sai dai na ƙarin ruwan duk sati uku ake sa su kuma tsadarsu ba a magana, kuma sai an leƙa maƙogwaro da kamara an tabbatar jijiyoyin wurin ba su kumbura ba don gudun aman jini.

Mu dai Turkiyya munka tahi, da niyyar itiriyom. Anka yi gwajin taswira, wanshekare lokotoro ya kira mu ya juyo mamu da kwamfuta, huhun Kawu ya yi haske tar a hoton, abin da ke zarcewa ya wuce iyaka. Na ji kamar in faɗi. Kawu ya dube ni ya ce "ɗana mi ya ce?" na ce "Kawu wai na cikin ba zai yiwu ba", ya ce "to na wajen fa, shi ma ya ƙi ni?" Allah ya sa asibitin na da duka biyun kuma ƙarin na can sama nesa da hanji, cikin kwana takwas anka gama shiri, anka yi zama 5, rana ɗaya a yi rana ɗaya a huta. Da wurin da itiriyom kaɗai gare su munka je da sai dai mu tattaro mu nemi wani gari da ragowar kuɗɗin da ba su kai ba.

Shi ya sa in ka tambaye ni yau, ga yadda nike gani. Ƙari babba ko da yawa a ɓangare guda, hanta A, bilirubin bai hau ba, akwai halin zaman sati uku da kuma halin jure a ce an fasa, itiriyom. Ƙari guda ko biyu matsakaici, nesa da hanji, ko jijiyoyi sun ƙi ba da hanya, ko huhu na sha, siteriyotaksi, kuma ga mai ƙirga kwanan otal shi ya hi tabbas don tun daga hotunan da ka aika ana iya ce ma eh ko a'a. Wanda jijiyarsa ba ta taɓu ba kuma aljihu ba nauyi, shimiyo ta tiyo ba abin kunya ba ce. Kuma ko wanne za a yi, a aika da faifan sikanar ko na IRM, ɗan'uwan sikanar mai aiki da maganaɗisu, faifan shi kanshi ba hoton takardar sakamako ta WhatsApp ba, a nemi amsa a rubuce daga likita ba daga ɗan kamasho ba, a tambaya in gwaji ya hana mi za ku yi mamu kuma nawa za ku maido. Mai epatit B kuma a fara mishi tenofobir ko antekabir kamin a taɓa hantar, don ƙwayar cutar na iya tashi a tsakiyar magani ta ɓata komi. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuma don Allah a dakata, na san Inna za ta ce na raina na gida, amma hantar da ta rage ita ce jarin kuma ita ke tace duk abin da anka sha.

Wani abin da ba su gaya mamu da wuri ba sai da na tambaya, duka gashin biyu ba a ganin sakamakonsu nan take. Hoton wata ɗaya na iya nuna ƙarin yana nan har kamar ya ƙara kumbura, sai wajen wata uku ake fara gane gaskiya, wani lokacin shida, kuma a haɗa da awon jini na AFP, wani sinadari da kan hau a jini in ƙarin hanta na aiki. Don haka tun kamin ka baro can ka karɓi rahoton wutar da anka ba shi da taswirar wurin a faifai, ka san wa zai karanta hoton a Yamai.

Kawu na Tawa yanzu, yana hita kasuwa da sahe ya dawo kamin azahar, cin abinci ya dawo, har ya fara rigima a kan an hana shi ƙuli-ƙuli da tigadige na kasuwa, na ce mishi Kawu gujjiyar da ta yi hunhuna ita ce abokiyar epatit wajen kawo wanga ciwo, ya ce shekara sittin yana ci. Ƴaƴansa bakwai duka munka kai anka yi musu awon epatit B, biyu sun hito da ita, an sa su layin eko duk wata shida, sauran an fara musu allurar rigakahi. IRM ɗinsa na wata uku ranar Talata mai zuwa ne, na riga na kama mishi wuri a kar ta sahe, kujerar gaba don ramukan hanyar Dogon Dutsi.